Wayar da Ba Ni Na Ja Ba

Tun da na fara karɓar matasa koyon aiki a shagon nan na Gwallaga, ban taɓa samun rukunin da wani bai ce min, "Oga, ai wannan danne-danne ne kawai," ba. Ku ma na bana ga shi kun faɗa. Na buɗe muku fayawol, wato akwatin nan da ke tsaye tsakanin kwamfutocin gida da intanet, na nuna muku inda ake rubuta masa doka, a ce wa wannan ga iya abin da za ka ja, a ce wa wancan ga iya abin da za ka tura, sai ɗayanku ya ce ya gani a bidiyo, kafin shayi ya huce an gama. Gaskiyarsa. Rubuta dokar ba wuya. Abin da bidiyon bai nuna masa ba shi ne, kafin ka rubuta layi ɗaya an riga an yi maka ƙarya a wurin, kuma wanda ya fi kowa ɗaga murya ba lallai ne shi aka cuta ba. Ku kife wayoyinku a kan tebur ku ji.

Na koyi aikin nan a wani kafe na intanet da ke wajen Wunti, lokacin da intanet ɗin garin nan ta dish ake jawo shi daga sama. Maigidana Oga Bulus mutumin Dass ne, Hausarsa ba ta raba mace da namiji, kwamfuta ma "shi" ce a wurinsa. Layinmu siriri ne ƙwarai. Mutum ɗaya ya fara sauke fim, sai duk sauran kujerun su tsaya cik, masu cike takardar jarrabawa su fara buga tebur. Da farko maganin Oga Bulus na hannu ne. Zai tsuguna gaban suwic, ƙaramin akwatin da wayoyin kwamfutoci ke haɗuwa, ya duba fitilar da ta fi kowace ƙiftawa, ya zare wayarta, ya dawo kujerarsa kamar bai yi komai ba. Wanda ya fara ihu, shi ne.

Daga baya ya samo wata tsohuwar kwamfuta ya mayar da ita fayawol. Ya zaunar da ni gabanta, ya nuna min zane biyu da ke hawa da sauka, kore na abin da ke shigowa, shuɗi na abin da ke fita, ya ce kada in taɓa komai, kallo kawai. Na daɗe a kujerar nan har na fara zaton ba ya son koya min ne. Yakan wuce ta bayana ya ce, "Wane ne yana cin layi?" In ce mai jar hular can ne. Sai ya ce, "Ka gani, ko kana zato?" Idan zato ne, ya wuce abinsa.

Abu na farko da ya dasa min shi ne, hanyar shigowa daban, hanyar fita daban. Kowa idonsa na kan abin da ke shigowa, don shi ake gani. Amma abin da ya riga ya iso ƙofarka ya iso, ba ka da ikon mayar da shi. Iyakarka ka rage wa mai ja hannu, ka kuma ajiye iyakarka ƙasa kaɗan da abin da kamfani ya ba ka, don cunkoson ya taru a akwatinka inda kake da iko, ba a nasu ba. Abin da ke fita kuwa naka ne gaba ɗaya, kai ke cewa wa zai fara wucewa. Kuma hanyar fita kusan kullum ta fi ƙunci. Duk abin da kwamfuta ta karɓa sai ta mayar da ɗan gajeren saƙo cewa ya iso, a ƙaro. Idan wani ya toshe hanyar fita da kaya mai nauyi, waɗannan 'yan saƙonni ba za su samu wucewa ba, sai can ɗaya gefen a dakata da aikowa. Mai wuri zai rantse maka shigowa ce ta mutu, alhali fita ce ta shaƙe.

Kayan aikina kun gan su, ba su sauya sosai ba: tsohon laftof mai ramin waya, filayar matse kan kebul, testa ta gwada waya, tocila, tsani mai naɗewa, da jan salatif. Wannan salatif ɗin da kuke yi wa dariya, duk wayar da na ja a garin nan akwai shi a bakinta biyu. Ba ado ba ne. Ranar da aka kira ka aka ce, "Wallahi ba mu taɓa komai ba," shi zai gaya maka an taɓa ko ba a taɓa ba.

Kuma kullum an taɓa. Wata makarantar kuɗi na yi wa aiki, na sa ɗakin jarrabawar yara a sahun gaba, ofis a bayansa. Shugaban makarantar ya bari na tafi, ya kira wani ya ɗaga kwamfutarsa zuwa saman jerin dokokin. Fayawol kuwa daga sama yake karanta doka zuwa ƙasa, wadda ya fara tararwa ita yake bi. Ranar jarrabawa layi ya tsaya, ya kira ni yana faɗa. Na buɗe, na ga sunan kwamfutarsa zaune a sama. Ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Ikon Allah, ko ita ta hau da kanta ne?" Na ce wataƙila, na sauko da ita, ban ƙara magana ba. A wannan sana'ar ba ka kunyata mai wuri gaban ma'aikatansa.

Aikin da ya kusa fitar da ni daga sana'ar, na wani ƙaramin asibiti ne a Gwallameji. Mai shi Alhaji Ɗanlami, babban ɗan kasuwar hatsi ne a kasuwar Muda Lawal, ba likita ba ne. Ya gina, ya ɗauki ma'aikata, ya koma rumfarsa. Mutum ne da ko ɗan'uwansa ne ya kawo masa masara, sai ya soka ƙarfe a kowane buhu ya ga abin da ke tsakiya. Ni na ja masa layi tun ginin na warin fenti. Kamfani ya kafa eriya a kan dogon ƙarfe, waya ta sauko ta cikin silin zuwa ɗakin ajiye katin marasa lafiya, nan na ajiye fayawol. Na tsara sahu-sahu. A gaba, hoton ƙirji da na ƙashi da ake turawa wani babban likita a Kano ya duba, tare da kiran bidiyo da likitoci ke yi da shi. Bayansu kwamfutocin ofis, sai wayoyin ma'aikata, sai 'yan dubiya a can ƙarshe. Aka daɗe ana aiki ba wanda ya tuna da ni, kuma a wurinmu wannan shi ne yabo.

Sai kira ya fara zuwa daga Sista Rahila, babbar nas ɗin wurin. Mace ce mai shekaru, ba ta da yawan magana, ita ce ainihin mai riƙe da asibitin. "Injiniya, layinka ya sake mutuwa." Yawanci tsakanin Azahar da La'asar, wani lokaci da hantsi. In hau mashin in je, in tarar kuwa ya mutu, shafi ɗaya ba ya buɗewa. In buɗe fayawol, sai in ga zanen nan biyu kwance a ƙasa, kamar ba kowa a ginin. Sista ta kira Alhaji ta gaya masa. Alhaji ya baro kasuwa, ya shigo da babbar rigarsa, ya ciro waya ya gwada, layi ya ɗauka da gudu. Ya dube ta, ya dube ni, ya ce, "To ga shi yana aiki." Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Da zarar ƙafarsa ta taka asibitin, ciwon ya warke.

Daga nan kowa ya samu wanda zai zarga. Ni na fara da nas-nas, na ce fim suke kallo ta wata hanyar da ban gano ba, na ƙara matse sahun wayoyin ma'aikata. Ba abin da ya sauya, sai dai Sista ta tare ni a baranda ta ce, "Yarana ko saƙon gida ba sa iya turawa yanzu. Ka gano wani abu ne a kansu?" Na ce a'a, na sassauta. Na koma kan kwamfutocin, na bi su ɗaya bayan ɗaya ko wata ta kamu da cuta tana aika abu a ɓoye. Babu. Na kira kamfanin layi, suka ce daga wurinsu komai lafiya lau, wanda shi ne abin da za su ce ko da eriyar ta faɗo ƙasa. Suka ƙara da cewa akwatina ne ya tsufa. Na ɗauko sabo daga shago na sa, washegari bayan Azahar layi ya mutu. Dokta Yakubu, matashin likitan da ke wurin, ya ce mai ɗaukar hoto ne bai iya tura abu ba. Mai ɗaukar hoto ya ce masu gadi ne suka ba 'yan unguwa lambar sirri. Na sauya lambar, ba ta hana komai ba.

Wata safiya Alhaji ya aiko in same shi a kasuwa. Na tarar da shi zaune kan benci tsakanin tarin buhuna, 'yan dako na sauke mota, maƙwabtan rumfa biyu na gefe suna jan carbi. Bai ce su ba mu wuri ba.

"Malam Sabo, an ce min ku masu wannan sana'a kuna yankar layin mutum ku sayar wa maƙwabta."

"Akwai masu yi, Alhaji."

"Gidajen nan sababbi da ke bayan asibiti, na ga ɗaya da eriya a kan rufi."

"Ba ni na kafa ta ba, ranka ya daɗe."

"Ban ce kai ne ba." Ya ɗebi masara a tafin hannu yana dubawa. "Tambaya ɗaya zan yi maka. Me ya sa duk ranar da na zo yake gyaruwa? Wa ke gaya maka ina tafe?"

Ni ma tambayar da ke cina ke nan. Na ce ya ba ni lokaci. Ya ce ya ba ni. Amma magana da aka yi a Muda Lawal gaban mutum biyu, kafin La'asar ta zaga gari. Makarantar nan ta aiko cewa ta samu wani. Wani otal da na daɗe ina kula da shi, na je na tarar an sauya lambar shiga fayawol ba a gaya min ba, manajan yana ta kallon bango yana cewa umarni ne daga sama.

Ana cikin haka aka kawo wani dattijo Bafulatani daga wata ruga da ke hanyar Dass, bijimi ya make shi da ƙaho a haƙarƙari. Ranar ina asibitin, zaune a ɗakin kati ina kallon zanen da ba ya motsi. An yi Azahar ke nan. Aka ɗauki hoton ƙirjinsa, aka danna turawa Kano, ya tsaya. Dokta Yakubu ya ɗauki hoton allon da wayarsa, ya fita har bakin get yana ɗaga ta sama, don sabis ɗin waya a kwarin nan sai a hankali. Da ƙyar ya tafi, likitan Kano ya ce wannan dishi-dishi ne, ba zai ce komai a kansa ba, a turo na ainihi. Dattijon na kwance yana numfashi guntu-guntu, babban ɗansa tsaye a kansa da sanda a hannu yana tambayar kowa ko a ɗauke shi ne ko a bar shi. Dokta bai son a jijjiga shi a mota in ba dole ba, bai kuma son a zauna in jini na taruwa a ciki. Sista ta leƙo ɗakin kati. Ta tsaya a ƙofa.

Na kira wani ma'aikacin kamfanin layi da muka taɓa aiki tare, ba ofishinsu ba, wayarsa ta hannu. Na ce, "Kada ka ce min lafiya lau. Buɗe eriyar asibitin nan yanzu, ka karanta min abin da ke fita, ba abin da ke shigowa ba."

Na ji yana danne-danne. Ya ce, "Oga, fitarku a cike take har baki. Me kuke turawa haka?"

Na dubi allona, shuɗin zane na kwance a ƙasa. Su suna ganin kaya na fita, ni ba na gani. Ke nan kayan ba ta akwatina suke bi ba. Wani abu ya shiga tsakanin fayawol da eriya, kuma tsakaninsu ba komai sai waya ɗaya da ke cikin silin.

Na kafa tsani a baranda, na ture murfin silin na shiga. Wanda bai taɓa shiga ƙarƙashin kwano da rana tsaka a watan zafi ba, kada ya ce ya san aikin nan. Kana rarrafe kan katako, in ka kuskure ka taka allon silin ka faɗo kan mara lafiya. Na kama wayata mai jan salatif ina bi da tocila a baki. Wajen tsakiyar ginin na tarar an yanke ta, an matsa mata sababbin kawuna, an cusa wani ɗan ƙaramin suwic a tsakani. Aiki mai tsabta, na wanda ya iya. Daga suwic ɗin wata farar waya ta fita, ba salatif a bakinta. Na bi ta. Ta kai ni kan wani allo da aka gitta, a kansa akwatin naɗar hoton kyamara, fitilarsa na ƙiftawa kamar za ta ƙone. Siraran wayoyi huɗu sun fita daga bayansa, kowace ta nufi kusurwar wani ɗaki. Ni na ja layin ginin, na san abin da ke ƙarƙashin kowane allo: ɗakin magani, wurin karɓar kuɗi, ma'ajiyar man janareta, sai ɗakin da nas-nas ke hutawa.

Na zare farar wayar, na ɗaga murya na ce, "Dokta, sake turawa!"

Ban daɗe ba na ji mai ɗaukar hoto yana cewa ya tafi, ya tafi. Sai na ji wayar Dokta ta yi ƙara, na ji yana cewa to, to, yanzu kuwa, sai gudu a baranda, ana kiran direban motar asibiti. Likitan Kano ya ce akwai jini a ƙirjin, a kai shi babban asibiti maza. An kai shi, kuma ya tashi, don ɗansa ya dawo bayan wani lokaci da ƙwaryar nono.

Ina nan durƙushe a cikin silin, gumi na zuba a idona, sai wayata ta yi ƙara a aljihu. Alhaji ne. Ko sallama bai yi ba.

"Me ka taɓa?"

Ba wanda ya kira shi daga asibitin. Kowa na kan dattijon. Na ce, "Alhaji, ina zuwa."

Wannan karon a zauren gidansa ya gan ni, ya sa aka rufe ƙofa. Ya ce magani na ɓacewa, man janareta na ƙarewa da wuri, kowa a wurin nan cinsa yake. Ya ɗauko wani daga Kaduna lokacin hutun salla ya kafa masa kyamarori, ya ce a yi yadda ko ni ba zan sani ba, don bai san da wa nake shiri ba. Idan kasuwa ta lafa bayan Azahar, sai ya jingina da buhu ya buɗe waya yana kallonsu.

Na ce, "Ranka ya daɗe, duk lokacin da ka buɗe wayar nan, hoto huɗu ne ke turmutsitsin fita ta ƙofar da hoton mara lafiya zai bi. Idan aka kira ka ka taso, ka rufe wayar ka sa a aljihu, hanya ta buɗe. Shi ya sa kake tarar da shi lafiya."

Ya daɗe yana kallona. Na ga yana juya maganar yana neman inda na ɓoye dabara. Daga ƙarshe ya ce, "To ka gyara. Amma kada kowa ya ji."

Na ce zan dawo da akwatin bayan fayawol, in sa shi a sahun ƙarshe, ƙasa da 'yan dubiya ma, in rage masa kaifin hoto. Duk lokacin da likita ke tura abu, hotonsa zai tsaya, sai ya yi haƙuri. Ya ce ya ji. Na ce kyamarar ɗakin nas-nas kuwa ba zan mayar ba.

"Ai nan ne suke zuba maganin a jaka."

"Nan ne kuma suke sauya kaya, Alhaji. Matan mutane ne da 'ya'yan mutane."

"Na ce wa mutumin ya saita ta kan akwatunan ajiya kawai."

"Ban duba abin da take gani ba, ba kuma zan duba ba. In tana nan, nemi wani ya yi aikin, kuma in aka tambaye ni ba zan yi ƙarya ba."

Ya ce a cire. Sai na kawo tawa buƙatar. Na ce maganar da ya yi a kasuwa ta kashe min aiki, ya taimaka ya faɗa gaban mutanen nan cewa ba ni ba ne. Ya gyara zama ya ce, "Malam Sabo, in na ce ba kai ba ne, za a ce to wane ne. Ka bari in kama ɓarawon tukuna."

Washegari na koma silin na yi aikin. Na yanke wayar ɗakin nas-nas daga tushe, na naɗe ta na fito da ita a jakata. Sista ta tambaye ni me ya faru, na ce wata na'ura ce ke cinye hanyar fita, na sa mata linzami. Ta ce wace na'ura? Na ce ta tambayi Alhaji. Ta dube ni, ta wuce.

Layi ya warke sarai, kuma warkewar ce ta ƙarasa ni. Gari ya ce ka gani, da Alhaji ya ritsa shi, ya hau silin ya cire wayar satarsa, shi ke nan layi ya dawo. Har da masu cewa sun ga na fito da waya a naɗe, kuma ba ƙarya suka yi ba. Duk waccan shekarar ban rubuta doka ko ɗaya a sabon wuri ba. Na koma gyaran firinta, ina sauya wa mutane gilashin waya. Waɗanda na koya wa matse kan kebul su ke samun kwangila, su kira ni in ja musu waya a rana, kuma in an zo buɗe fayawol sai su juya allon gefe. Za ku ce me ya hana ni faɗa. Mai wannan sana'a yana ganin abin da kowa ke yi a wurin da aka ba shi amana, daga maigida har mai shara. Ranar da aka ji ka buɗe baki a kan mutum ɗaya, ko don wanke kanka ne, ba mai sake miƙa maka lambar sirrinsa. Haka na auna a lokacin.

Damina ce ta tona. Kwanon asibitin ya yi yoyo, allon silin na ɗakin magani ya jiƙe ya rufto, sai ga kyamara na lilo a kan waya gaban mai ba da magani da layin mutane. Kafinta ya hau gyara, ya sauko ya ba da labarin duk abin da ya gani, har da wadda ke saman ɗakin nas-nas, ko da yake ba waya a jikinta.

Da yamma keke napep ya tsaya a ƙofar shagon nan, Sista Rahila ta sauko da fararen kayanta. Na ba ta kujera, ta ƙi zama.

"Ka sani?"

"Na sani, Sista."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar dattijon nan da bijimi ya make."

"Ta ɗakinmu fa?"

"Ni na yanke wayarta, washegarin ranar."

"Kafin ranar fa? Tun hutun salla fa?"

Na dubi kujerar da ta ƙi zama a kai.

"Ka bar mu muna durƙusa masa muna gaishe shi," in ji ta. "Da aka ce kai ɓarawo ne, ni kaɗai a asibitin nan na ce ƙarya ne. Yanzu ban san me zan kira ka ba."

Ta koma keken da ke jiranta. A satin ta ajiye aiki, nas-nas da yawa suka bi ta. Sunana kuwa ya wanku a hankali, ba tare da kowa ya ce min yi haƙuri ba. Makarantar nan ta kira ni kamar jiya muka rabu. Alhaji ya ba wani aikin asibitin, don ya tabbata a ransa ni na sassauta allon silin. Ko an taɓa satar maganin ma, har yau ban sani ba.

Shekaru suka wuce ban sake ganin Sista ba, sai bara da aka kira ni da baƙuwar lamba. Ta buɗe ɗan wurin karɓar haihuwa nata na kanta a can ƙarshen Gwallameji, tana son layi, tana son hoton ciki ya riƙa fita kafin komai. Na ce ashe za ta neme ni. Ta ce ta tambaya, an ce har yanzu ba wanda ya fi ni iyawa, ba wani dalili ba.

Na ja wayoyi, na tsara sahu, na gwada mata ta gani. Da na zo sa lambar sirri ta ce in tashi, ta zauna ta rubuta da kanta, ni ina kallon ƙofa. Na fara naɗe tsani, ta ce in bar shi. Ta cire takalmi, ta ɗaure zani, ta ce in shiga gaba. Na shiga silin, ita kuma da shekarunta ta tako tsanin nan har kanta da kafaɗunta suka shigo, tocila a hannu. Ta sa na kama kowace waya in faɗi inda ta fito da inda ta nufa, tana haskawa har ƙarshenta. Muka gama masu jan salatif duka. Sai ta karkata tocilar can kusurwa, kan wata baƙar waya da ta bi jikin katako.

"Waccan fa?"

"Ta wuta ce, Sista. Ta fanka."

"Bi ta mu gani."

Na sa tocila a baki, na rarrafa na bi ta.